Wace tayar keken tsere ce ba ta cin ƙarfi a kwaltar Garwa?

Ɗan Rumde, Garwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa mahaya. Tambayata a kan taya ce, kuma da yake kuɗi ne a tsakani ba na son in yi gaggawa.

Kekena na tsere ne, gwanjo, na alminiyam, mai birkin da ke kama bakin rim. Tayoyin da ke kai 700x23 ne, wato faɗinsu milimita 23, masu kauri, irin waɗanda ake samu nan kasuwa, ko sunan kirki babu a jikinsu. Nauyina kilo 68, keken da gorar ruwa zai kai 10. Iska kuwa bar 8 (bar shi ne ma'aunin matsin iska) nake dura musu gaba da baya, don tun ranar da na fara hawa abin da manya suka koya mana ke nan: taya ta cika tam, in ka danna da babban yatsa kada ta ko motsa.

Ran Lahadi bayan sallar asuba mukan fita, mu haye gadar Binuwai mu miƙa hanyar Ngong, wani lokaci kuma mu yi ta wajen Pitowa. A cikinmu akwai wani abokina tela. Ni da shi kusan kai ɗaya muke, nauyi ɗaya, in ma akwai mai ɗan fin ƙarfi a hawa tudu to ni ne. Kwanakin baya aka kawo masa tayar Continental GP5000 mai faɗin milimita 28 daga Duwala. Tun daga nan, duk inda hanya ta ɗan gangara muka saki feda tare, sai in ga bayansa yana ta yin nisa a hankali, ni kuwa sai na taka kafin in kamo shi. Abin da ya fi ɗaure mini kai, tayarsa ta fi tawa faɗi, kuma bar 5 kawai yake sa mata. In ka danna har lotsawa take. A hankalina ai irin wannan ita ya kamata ta riƙe keke.

Yanzu ga inda maganar take. Yayana da ke Faransa zai zo gida, ya ce in faɗi abin da nake so ya taho mini da shi, amma ni zan biya. Can ana sayar da irin waɗannan tayoyi wajen Yuro 50 zuwa 70 kowace ɗaya, Yuro kuma sefa 656 ne, ka ga ƙafa biyu ana maganar jaka 66 zuwa 92 ke nan. Wannan ba kuɗin da zan zubar a kan jita-jita ba ne.

Uku nake dubawa: GP5000 irin ta abokina, ko Gatorskin ta kamfanin nan dai, wadda aka ce ƙaya ba ta cika huda ta ba, ko kuma Vittoria Corsa da na ji ana ta yabo. Shin da gaske bambancin da ke tsakaninsu ya kai a ji shi a ƙafa, ko dai ido ne kawai? Kuma tayar da aka yi don kwaltar Turai za ta yi ƙarko a nan, inda gefen hanya duk tsidau ne da fasassun kwalabe?

Baba Mai Faci, Marwa

Wa alaikumus salam ɗana. Ni ban san lissafi ba, amma tayar keke ta daɗe tana wucewa ta hannuna, tun keken hawa kasuwa har naku na tsere.

Corsa ɗin nan cire ta daga lissafinka. Taya ce mai daɗi, jikinta saƙar auduga ce, in ka riƙe ta a hannu laushinta har mamaki yake ba mutum. Amma gefenta ba shi da kariya, tsakuwa mai kaifi ɗaya ta ishe ta, kuma rana da ƙurarmu ba sa barin ta ta tsufa da mutunci. Ta ranar gasa ce, ga wanda mota ke bin sa da wili a baya.

Abin da nake so ka duba kafin ka kashe ko dala: shekarar tayarka nawa? Lanƙwasa gefenta ka gani. In ka ga ƙananan tsage-tsage, roba ta bushe ke nan, kuma busasshiyar roba nauyin tafiya gare ta ko da sunan wa aka rubuta a kanta. Da yawa tayoyin da ke zuwa mana sun kwana a sito ko a rumfa cikin rana kafin su iso hannun mai saye. Don haka kada ka ɗauka duk tserewar da abokinka yake maka sunan kamfani ne. Sabuwa yake hawa, kai kana kan tsohuwa.

Sai maganar tsidau. Babu tayar tsere da ta gagare shi, sai dai wata ta fi wata jurewa. Yawancin facin da yara ke kawo mini ba a tsakiyar kwalta suka same shi ba, a gefe ne, lokacin da babbar motar auduga ta matso su suka sauka ƙasa, ko inda suka tsaya shan ruwa suka tura keken cikin ciyawa. In ka tsaya, ɗaga keken ka ajiye, kafin ka hau kuma ka juya wili ka shafa da tafin hannu. Ƙayar da ta maƙale ba nan take take shiga ba, sai ka yi ta takawa kana tura ta ciki.

Malamin Lise, Ngaundere

Salam ƙanena. Baba, Allah ya ƙara girma, abin da ka faɗa a kan busasshiyar roba haka yake. Bari in ƙara da ɓangaren lissafin, tunda shi nake koyarwa, kuma ni ma mahayi ne ko da yake yanzu tumbi ya fara gardama.

Idonka bai yaudare ka ba. In ka hau keke, wurin da taya ta taɓa ƙasa lotsewa yake, in ya wuce ya koma yadda yake. Zagayen tayar 700 ya ɗan haura mita 2, don haka in kana gudun kilomita 30 a awa, kowane yanki nata yana lotsewa ya miƙe kusan sau 4 a daƙiƙa ɗaya. Roba kuwa ba ta mayar da duk ƙarfin da aka matsa ta da shi, wani kaso zafi yake zama ya tafi. Taɓa tayar tirelar da ta taso daga nan ta iso Garwa, za ka ji inda ƙarfin ya tafi. A keke, ƙarfin nan daga cinyarka yake fita. Gwargwadon kaurin roba da taurin saƙar da ke cikinta, gwargwadon asarar. Taya mai kariyar ƙaya tana da ƙarin shimfiɗa a ƙarƙashin robar, ita ma sai an lanƙwasa ta a kowane juyi, shi ya sa ba a samun taya ɗaya da ta fi kowa gudu kuma ta fi kowa jure ƙaya.

Masu gwajin taya suna ɗora ta a kan wata babbar ganga ta ƙarfe, inji na juyawa, su danna ta da nauyi, su auna ƙarfin da take ci da ma'aunin wat. A gwajin da aka fi yawo da sakamakonsa, nauyin kilo 42.5 ne a kan taya ɗaya, gudun kuma kilomita 29 a awa. A nan GP5000 takan ci wajen wat 10 zuwa 11, Gatorskin kuwa kusan 20. Wato a ƙafa biyu bambancin ya kusa wat 20. Tayar kasuwa mai kauri irin taka, ba za ta fi Gatorskin ba, mai yiwuwa ma ta fi ta ci.

Wat 20 ɗin nan me ke nan a hanya? Mutum mai girmanka, a gudun 30, iskar da yake tsagawa tana cin wajen wat 110, tayoyi kuma 20 in masu kyau ne, 40 in marasa kyau. In aka mayar maka da wat 20, gudunka zai ƙaru da kamar kilomita ɗaya da rabi a awa. A tafiyar kilomita 40, minti 4 ke nan ko kusa da haka. A gasa minti 4 duniya ce. A fitar Lahadi kuwa, faci ɗaya a bakin hanya ya cinye su har da riba. Kai ka san wanne ya fi damun ka.

Wani abu kuma: cin ƙarfin taya yana tafiya daidai da gudu ne, in ka ninka gudu ya ninka. Na iska kuwa in ka ninka gudu sau 8 yake ninkawa. Shi ya sa in kuna tafe a jere kana bayan wani ya tare maka iska, ko kana hawa tudu a hankali, kason taya in an gwada da na iska ya fi girma. Ranar da iskar hunturu ta tare ku gaba da gaba kuwa, ko tayar zinariya ka sa ba za ka ji ta ba.

Yanzu maganar da na fi so ka riƙe, don ita kyauta ce: bar 8 ya yi maka yawa.

A kan gangar gwaji, duk ƙara iska lambar raguwa take, tunda taya ta rage lotsewa. Daga nan tsohuwar koyarwar nan ta samo asali, kuma a kan katakon filin tseren cikin ɗaki gaskiya ce. Amma ganga ba ta da jiki. A kwalta mai tsakuwa-tsakuwa, taya mai tauri ba ta haɗiye ƙananan duwatsun, hawa kansu take, ta ɗaga keke da kai gaba ɗaya, dubban sau a minti. Girgizar nan da kake ji a tafin hannu da mazaunai, har yatsu su yi sanyi, ƙarfi ne ke shiga namanka yana mutuwa a can. Tura baro mai ƙafar ƙarfe a kan tsakuwa, sannan ka tura mai tayar iska da kaya iri ɗaya, hannunka zai gaya maka. Waɗanda suka yi gwajin a kan hanya ta gaske sun ga cewa ƙara iska yana taimako har zuwa wani mataki, daga nan kuma asarar sai ta haura da sauri, kuma muddin hanya ta fi gargada, matakin nan ƙasa yake sauka. Shi ya sa gara iska ta ɗan gaza da ta ɗan wuce. Abin da ke ruɗin mutane, taya mai tauri ji ake kamar tana gudu, don girgiza da ƙara suna sa mutum ya ɗauka yana tashi sama.

Ga zafi kuma. In ka dura bar 8 da asuba ana digiri 25, rana ta ɗaga a watan Afrilu iskar cikin tayar ta kai 50, lissafi ya nuna za ta ƙaru da fiye da rabin bar. Wato a hanyar dawowa kana kusa da 9.

Faɗi kuwa, in iska ɗaya ce, taya mai faɗi sawunta a ƙasa gajere ne mai faɗi, siririya kuma dogo ne, don haka siririyar ta fi lanƙwasa. Amfanin mai faɗi na gaske shi ne tana ba ka damar rage iska ba tare da rim ya cije tif a bakin rami ba. 'Yan tseren Turai da can 23 suke hawa a bar 8 ko fiye. Yau 28 zuwa 30 suke hawa, iska tsakanin 4 da 5, a tseren Paris-Roubaix mai hanyar duwatsu har 32 ake sawa. Lokacin da Biniam Girmay ɗan Eritriya ya ci koriyar riga, ta wanda ya fi tara maki, a gasar Tour de France a 2024, in ka duba hotunan za ka ga babu sauran mai siririyar tayar nan a tawagar.

Da tayarka ta 23 a nauyinka, gwada 6.5 a baya, 6 a gaba. Kada ka yi ƙasa da haka da yawa, ramukanmu ba sa yafiya. In ka samu 25, wajen 5.5 zuwa 6. In 28 ce, 4.5 zuwa 5, kamar abokinka.

Kuma kada ka yarda da ni, gani ya kori ji. Nemi gangare mara tsanani wanda ƙarshensa shimfiɗa ce, da sassafe kafin iska ta tashi da kafin motoci su yi yawa. Ja layi da gawayi, ka tsaya a kai, ka saki birki ba tare da ka tura ba, hannu a wuri ɗaya, kai a wuri ɗaya, har keken ya tsaya da kansa, ka yi alama. Yi aƙalla sau biyar a bar 8, sau biyar a 6.5, kana sassaɓawa, don in iska ta canja kada ta faɗa wa ɓangare ɗaya. In abokinka zai ara maka wilinsa, sa su a kekenka ka maimaita. Nan za ka san me jaka 80 za ta saya maka.

Mahayin Shari, Njamena

Gaisuwa ga kowa. Malam ya yi bayani, amma akwai inda ba mu haɗu ba.

Lissafin minti 4 a kan faci ɗaya, ni ban ɗauke shi haka ba. In kana kan taya mai nauyi ba minti 4 kake bari a baya ba, jerin ne yake tsinke maka. Da zarar ka bar bayan na gabanka da mita goma, iska ta same ka kai kaɗai, shi ke nan sai a haɗu wurin shayi. Wat 20 shi ne tsakanin wanda ya zauna cikin mutane da wanda ya dawo gida shi kaɗai. Don haka ni ina bayan taya mai gudu, ko da za a riƙa faci.

Kuma GP5000 ba takarda ba ce, tana da nata shimfiɗar kariya a ƙarƙashin roba, kawai dai gefenta bai kai na Gatorskin ƙarfi ba. A nan muna hawa ta hanyar Mandeliya da ta Masaget, inda yashi ke rufe gefen kwalta ya ɓoye duk wani tarkace, kuma ba kullum muke faci ba.

Ni tubles nake hawa, wato babu tif, sai ruwan toshe huda a ciki. Ga tsidau babu kamarsa: ka cire ƙayar, ka juya wili, ka ji "tsss" na ɗan lokaci, shiru. Sai dai fa zafinmu yana busar da ruwan da wuri. Abin da ake cewa yana wata da watanni a Turai, a bazarar Njamena in ka yi sakaci ka buɗe sai ka tarar da dunƙulen roba. Kuma ruwan ba a kowane shago ake samun sa ba, sai an aiko. Tsohon rim irin naka ma da wuya a ce an yi shi don tubles, kada wani ya ce maka a naɗe shi da salatif a gwada, taya tana iya fita daga rim kana cikin gudu. Ga masu sababbin wili kuma, in rim ɗinku irin mara ƙugiya ne a baki, iyakarsa bar 5, kada a kai wa mai kwamfaresa ya dura yadda ya saba.

Abin da zan ce ka ƙara a saƙon yayanka shi ne tif. Tif na lateks yana rage wat 3 zuwa 5 a ƙafa biyu in ka gwada da baƙin tif mai kauri, kuɗinsa kuma bai kai rabin na taya ba. Aibinsa, yana sace iska, kwana ɗaya ya zubar da bar guda ko fiye, kullum sai ka yi famfo kafin ka fita. Akwai kuma na TPU, wani irin filastik, marasa nauyi, suna riƙe iska, in an naɗe ɗaya ko aljihu bai cika ba.

Gwajin gangaren Malam kuwa, mu nan ina muka ga gangare? In ban da gada, ƙasar shimfiɗe take har iyakar gani. Mu sai dai mu kai gudu 25 a agogo daidai kan wata alama, mu saki feda mu ga inda za a tsaya, a yi zuwa a yi dawowa saboda iska. Bai kai naku daidai ba, amma yana nuna babban bambanci.

Baba Mai Faci, Marwa

Ɗan Njamena, tif ɗin nan na TPU ka gaya masa gaskiya duka. Ba ya karɓar facin wuta, narkewa yake, kuma gam ɗinmu na kullum ba ya kama shi, sai nasa facin na musamman. In ya sace maka a Figil ko a wani ƙauye, babu mai facin da zai iya maka komai. Duk wanda zai hau shi ko lateks, ya riƙe baƙin tif ɗaya a aljihu.

Malam kuma, kai da ke da gangaren falez, dogon gangaren dutsen nan na hanyar Ngaundere, a ƙofar gida, ka san yadda rim ke zafi in an daɗe ana riƙe birki. Siraran tif ɗin nan ba sa son wannan zafin. A Garwa da sauƙi tunda ba dogon gangare, amma in zai je wajenku ya sani.

Ɗan Rumde, Garwa

Na gode ƙwarai, Baba Allah ya ja kwana, Malam Allah ya ƙara basira, ɗan'uwa na Njamena na gode.

Na yi gwajin. Akwai wani ɗan gangare da na sani a bayan gari, kwaltar wurin irin mai tsakuwa a fuska ce, ba rami amma ba sumul ba. Na tafi da abokina tela da famfonsa mai agogo, da gawayi a leda, gari bai gama wayewa ba. Wani dattijo da ke kora shanu ya tsaya yana kallon mu muna gangarowa muna komawa muna zane a titi, har ya tambaya ko ma'aikatan hanya ne.

Ga abin da na gani. Tsakanin bar 8 da 6.5 a tsofaffin tayoyina, alamomin sun cakuɗe da juna, amma na 6.5 sun fi taruwa ta gaba, da 'yan taku. Ba zan rantse a kan wannan ba, don akwai gangarowar da babur ya wuce ni ya kaɗa mini iska. Abin da zan iya rantsewa a kai, rage iskar bai rage mini nisa ba ko kaɗan, kuma keken ya daina kakkarwa, har na ji ƙarar sarƙata da ban saba ji ba. A ƙafa dai har yanzu ji nake kamar ya fi nauyi, gawayi kuma ya ce a'a.

Da muka sa wilin abokina a kekena kuwa, babu maganar cakuɗewa. Duk gangarowar sai na wuce alamomin farko gaba ɗaya, na je na tsaya kusa da wata bishiyar darbejiya da ko kusa ban taɓa kaiwa ba da nawa. Na san wilinsa ma ya fi nawa, ƙila boris ɗinsa sun fi santsi, don haka ba duka ne na taya ba. Amma na ɗaga nawa na juya, yana daɗewa yana juyi ba tare da ƙara ba, ban ga alamar shi ne matsalar ba.

Na kuma lanƙwasa gefen tayata kamar yadda Baba ya ce. Tsage-tsagen suna nan, ta baya har zare ya fara leƙowa kusa da bawul. Ko ba don gudu ba lokacin canji ya yi.

Matsala ɗaya ta fito. Tayar 28 ta shiga gaba lafiya, amma a baya tsakaninta da ƙarfen da ke riƙe birki ko takardar kwali da ƙyar ta wuce, kuma da muka dawo na ga ta goge ƙura a wurin. Da damina in laka ta kama, ina jin cijewa za ta yi. To me za a yi? In sa 28 a gaba 25 a baya, ko 25 duka? Na kuma yi tunanin in sa mai gudu a gaba, Gatorskin a baya, tunda ta baya ce ta fi yin faci, kuɗin ma zai ɗan ragu.

Malamin Lise, Ngaundere

Madalla da gwaji. Yadda ka faɗi abin da ka tabbatar da wanda ba ka tabbatar ba, da ɗalibaina za su riƙa rubuta rahoto haka da na huta.

Kada ka sa 28 a baya. Ana son aƙalla milimita 3 zuwa 4 tsakanin taya da kowane ƙarfe, sama da gefe. Hanya mai sauƙi, ɗauki makullin alan mai lamba 4 ka zura a wurin, in bai wuce ba tayar ta yi girma. Wili yana ɗan lanƙwasa in ka tashi tsaye kana takawa, kuma tsakuwa ɗaya da ta maƙale a wurin tana iya cin alminiyam. 28 a gaba da 25 a baya babu laifi ko kaɗan, sai dai ka tuna iskarsu ba ɗaya ba ce: wajen 4.5 a gaba, 6 a baya. In kana son sauƙin kai, 25 duka, ka riƙa mayar da ta gaba baya in ta bayan ta cinye, sabuwa kullum a gaba.

Haɗa mai gudu da mai kariya dabara ce da mutane da yawa ke yi, amma ka san abin da kake saye. Ta baya ita ke ɗauke da fiye da rabin nauyinka, wajen kashi 55 zuwa 60 cikin ɗari, don haka a can ne aka fi asarar ƙarfi. In ka bar mai nauyi a baya, ƙasa da rabin ribar za ka samu. Ni da ni ne, da kuɗin nan a hannu, masu gudu biyu zan saya, in ajiye tsohuwar ta gaba don ranakun da za a bi hanyar da ba a yarda da ita ba. Ɗan Njamena ya fi ni gaskiya a maganar tsinkewa daga jeri, tunda kai da mutane kake fita.

Ka gaya wa yayanka abu biyu. GP5000 iri-iri ce, akwai ta tif akwai ta tubles, ya ɗauko ta tif, ta fi sauƙin sawa a tsohon rim kuma ta fi araha. Ya duba jikinta ya ga 25-622, 25 faɗin tayar ne, 622 kuma faɗin da'irar rim ɗinka daga baki zuwa baki, duk a milimita. Kuma ya saya a shago na gaske, don jabun manyan sunaye suna yawo a intanet. In ya ga an rubuta 330 TPI, wato yawan zaren saƙa a inci ɗaya, kada ya ɗauka ta fi Corsa mai 320 laushi, shimfiɗa uku suka haɗa suka ƙirga, kowace 110.

Baba Mai Faci, Marwa

In sun iso, kafin ka sa su cire tsohon ƙyallen da ke cikin rim ka duba. In ya tsage ko ya zame har ramin sifok ya bayyana, canja shi, in ba haka ba sabon tif zai fashe daga ciki ka zo kana zagin taya. Sabuwar tayar nan tauri gare ta wurin shiga, kada ka sa sukundireba ko cokali. Shanya ta a rana minti kaɗan ta yi laushi, ka tura bakinta tsakiyar rim inda ya fi zurfi, ka fara daga nesa da bawul ka ƙare a wajensa, da tafin hannu. In lateks ne, shafa masa hoda, ka ɗan hura shi ya yi siffa kafin ka zura, ka zagaya ka tabbatar bai leƙo ƙarƙashin bakin taya ba kafin ka cika iska. Jikin tayar akwai kibiya, ka bi ta.